Rigar Sanyin Rifkatu

Yanzu ruwan sama ba ya yi mana zuwan ba-zata. Tun hadari bai haɗu ba wayar jikata za ta yi ƙara, ta ɗago kai ta ce da ni, "Sitti, bukra babu makaranta, an ce akwai ruwa." Sitti kaka ke nan, bukra kuma gobe, a Larabcin da jikokina suka tashi da shi. Daga nan labarin ya ƙare a wurinsu. A rufe tagogi, a kunna talabijin, a kira a kawo abinci a kwali. Muna zaune a hawa na huɗu a unguwar Rusaifa a nan Makka, inda ko ƙanƙara ake zubawa ba ka jin ta, sai dai ka ga gilashi ya jiƙe. Yaran nan ba su san ƙarar ruwa a kan kwano ba, ba su san ƙamshin dutse in ya sha ruwan farko ba, kuma in na ce musu a garin nan sanyi ya taɓa kusan kashe mutum sai su yi dariya, su ce Sitti ta fara. Ba na jin haushinsu. Wanda aka haifa ya tarar da na'urar sanyaya ɗaki tana kuka dare da rana, ina zai san Makka ma tana da nata hunturun?

Abin da ya tayar mini da wannan zance shi ne, kwanakin baya ɗana ya bi da ni ta tsohuwar unguwarmu Utaibiyya a mota, na ce ya ɗan tsaya in ga gidanmu. Ya tsaya. Na duba gabas, na duba yamma, ban ga komai ba sai kwalta mai faɗi da katangar siminti da aka tare dutse da ita. An yanke gefen tudun da muka tashi a kai kamar an sa wuƙa an yanki sabulu. Lungunmu, da matakalar duwatsu, da ƙofar maƙwabciyarmu Khala mai shuɗin fenti, da ɗakin Baba, duk suna wani wuri a cikin iska, sama da kan motoci. Ɗana ya ce, "Yalla ya ummi, mu tafi, an hana tsayawa a nan." Muka wuce. Tun ranar nake kwana da abin ina tashi da shi, kuma ba kewar gini ce ta dame ni ba. Wata tsohuwar kunya ce da na ɗauka ta mutu, ashe barci take yi.

A da, in sanyi zai shigo, iska ce take fara gaya mana. Takan biyo tsakanin duwatsu da asuba ta shiga ta kowace kafa ta langa-langa, ta sa ƙyaure yana ta ƙugi. Tsofaffi su fito da bargunan da suka shekara a ƙasan akwati, a jawo kaskon gawayi tsakiyar ɗaki, shayi ba ya sauka daga kan wuta. Ranar da hadari ya haɗu kuwa, hara gaba ɗaya, wato unguwa, sai ta rikice. Mata su kwashe shanya, su jera bokitai da garewani a ƙarƙashin indararo, a ɗora ma'adus, shinkafa da adas, wani ɗan ƙaramin wake, ke nan, da busasshen kifi a gefe, domin a Makka ranar ruwa ba a cin wani abu sai shi. Mu yara mu fita mu jiƙe sharkaf, iyaye suna kiranmu da zagin da babu zafi a cikinsa. Amma murnar tana da iyaka. Garinmu kwari ne, duwatsu sun kewaye shi, ruwan da ya sauka a kansu ba shi da wurin zuwa sai ƙasa. Sel muke ce masa. Kafin ka gan shi za ka ji shi, wani irin ruri daga nesa, sannan ya iso jawur, ɗauke da ƙyamare da awaki da duk abin da ya tarar. Umma takan ce, "Ruwan Makka baƙo ne, amma baƙon da ba ya sallama."

Baba mai ɗiban ruwa ne. Garwa biyu, sanda ɗaya a kafaɗa, daga bazan, inda ake tarar ruwa a gindin tudu, zuwa gidajen da ke sama. Da ƙarar garewaninsa nake tashi kowace safiya, sai muryarsa a ƙofofin mutane yana neman hanya don mata su kauce. A kafaɗarsa ta dama akwai kanta mai taurin kofato, wadda nakan danna da yatsa ina yarinya in tambaye shi ko da zafi, ya ce ai ta daɗe da mantawa da zafi. Da ƙafa ya zo ƙasar nan daga wani ƙauye a cikin duwatsun Bauchi, yana tafiya yana ƙwadago a gonakin Sudan, har tafiyar da ya yi niyyar yi a shekara biyu ta cinye masa ƙuruciya. Ba mai yawan magana ba ne. In an matsa masa da tambayar gida sai ya ce, "Can ma akwai duwatsu," ya ɗauki sandarsa.

Hara ta san Baba da 'ya ɗaya, ni. Amma mu biyu ne. Garinsu irin garin nan ne da za ka tarar da ɗaki ɗaya na zuwa masallaci, ɗaya na zuwa coci, kuma tukunya ɗaya suke ci. Kafin ya baro gida ya riga ya yi aure, ya bar jaririya a bayan uwarta da alƙawarin zai dawo. Bai dawo ba. Uwar ta rasu, kakanninta na wajen uwa suka riƙe ta, su kuwa Kiristoci ne, ta tashi a addininsu, ta yi karatu ta zama ma'aikaciyar jinya. Sunanta Rifkatu. Duk alhajin da ta ji zai taso daga yankinsu sai ta ba shi sallahu ya nemo mata ubanta, har Allah ya sa wani ya dace. Ina budurwa ta sami aiki a wani asibiti a Jidda don kawai ta kusance shi. Ta ƙetaro duniya ta zo, saura tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba, nan kuma hanya ta ƙare mata, domin wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Wannan hukunci ne da ba mu taɓa jayayya da shi ba, ita ma ban taɓa jin ta yi ba.

Saboda haka mu muke fita. Kowace Alhamis da la'asar ni da Baba mu shiga motar Jidda, mu sauka a Shumaisi, gaba kaɗan da inda ake duba masu shiga gari. Akwai wata rumfar mai shayi a bakin hanya, a bayanta muke shimfiɗa tabarma. Direban asibitinsu yakan kawo ta. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya irin ta Baba sak, abayarta kullum a karkace don ba ta iya sawa ba, ga dariya da za a jiyo daga ƙetaren titi. Takan zo da man zafi da ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da daddawa ko yaji in an aiko mata daga gida. Shi kuma abin da ba ya fasa kai mata shi ne wani ɗan galan fari cike da zamzam, wanda yake ratayewa a ƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa. Ranar farko da ya miƙa mata ya ce, "Na ɗebo wa kowa ruwa a garin nan, ke kaɗai ban ɗebo wa ba." Daga nan sai su juye zuwa yaren garinsu, wanda ba na ji, Baban da ba ya magana ya yi ta zuba har rana ta yi ja. Ni kuwa in zauna a bakin tabarma, niƙabi a sauke, ina duba motoci ko wani ɗan hararmu zai wuce ya gan mu. Ita takan ce mini "ƙanwata". Ni kuma in amsa da "na'am, sista", kamar yadda ake kiran masu jinya. Bakina bai taɓa iya cewa Yaya ba.

A gida ba a ambaton sunanta. Umma ba muguwa ba ce, takan ma soya ƙuli-ƙuli ta ce a kai wa baƙuwar Jidda, amma tsoron bakin mutane ya fi ƙarfinta, kuma ni na gaje shi har na fi ta. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji ta. Abin da muke gaya wa maƙwabta shi ne muna kai Baba ganin likita, muna lallashin kanmu da cewa ai rabin gaskiya ce. Ga shi a lokacin an fara maganar aurena da ɗan Khala. Khala ba 'yar'uwar Umma ba ce, maƙwabciya ce, Basakkwaciya mai faɗa da baki ɗaya da kyauta da hannu biyu. Ita ke karɓar haihuwa a hara, ita ke wankan gawar mata, maigidanta kuma shi ne limamin ƙaramin masallacinmu kafin ya rasu. Ɗanta yana da wanet, motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Na sha kwantawa ina tunanin ranar da gidan liman za su ji cewa yarinyar da za su ɗauka tana da yaya mai zuwa coci.

Sannan tsufa ya kama Baba ta ka. Famfo ya iso gidaje, garewani suka yi tsatsa a bayan ɗaki, shi kuma ya fara manta hanyar masallacin da ya yi shekaru yana bi. Yakan sallame salla ya sake tayarwa. Yakan tsaya a tsakiyar lungu ya ƙwala kira, "Rifkatu! Rifkatu!" in fito a guje in jawo shi ciki, in ce wa matan da suka leƙo sunan mahaifiyarsa ne. Komai ya zube masa sai abu ɗaya: Alhamis. Matsalar ita ce a kansa kowace rana ta zama Alhamis. Da safe sai ya sauke galan daga ƙusa ya ce mu tafi, kada yarinyar nan ta yi ta jira, in karɓa in mayar in ce gobe ne.

Ranar da nake son faɗa ba Alhamis ba ce. An kwana ana iska mai ratsa ƙashi, gari ya waye baƙi ƙirin ta wajen kudu. Umma tana madafa tana tsince adas, ni na hau sama kwashe shanya. Na sauko na tarar da ƙofar gida a buɗe. Bargon Baba yana kan gado, hularsa ta sanyi tana kan matashi, takalmansa babu. Da 'yar jallabiya shara-shara ya fita. Na ɗaga ido na dubi ƙusa, babu galan. Umma ta zo ta tsaya a bayana, ita ma ƙusar ta duba. Muka kalli juna. Na bi lungu da gudu har gindin tudu ban gan shi ba, kafin in dawo an fara yayyafi, yayyafin ya koma ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan ya koma ƙanƙara mai girman gyaɗa tana dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai.

Umma ta yi kururuwa, maza suka taru a zaurenmu da buhuna a ka. Umda, mai unguwarmu, ya tambaya, "Ya hajja, ina tsohon ya saba zuwa? Ku gaya mana mu san inda za mu fara."

Umma ta ce, "Harami. Ko kuma tsohon bazan, yakan yi zancensa."

Umda ya juyo gare ni. "Ke fa, ya binti? Ke kike yawo da shi."

Ɗan Khala yana tsaye a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga gemunsa, makullin mota a hannunsa. Kalma ɗaya ce, Shumaisi. Tana kan harshena. Amma in na faɗe ta za a ce me tsoho zai je yi a Shumaisi da galan, kuma amsar wannan ita ce abin da muka shekara muna binnewa. Na sunkuyar da kai na ce ban sani ba. Maza suka rarrabu, wasu suka nufi Harami, wasu suka gangara kwari wajen bazan, inda tuni aka fara jin rurin sel.

Da suka fita Umma ta kama hannuna. Ta ce, "Je ki gidan Khala ki buga wa ta Jidda waya. Ki yi ƙasa da murya. Ki ce asibiti kike tambaya."

A duk hara gidan Khala ne kaɗai ke da tarho, kuma shi ne mai rufin siminti, don haka matan da ɗakunansu ke yoyo duk sun taru a can da 'ya'yansu. Na shiga na tarar da ɗaki cike, tiren ma'adus a tsakiya ba wanda ya taɓa, ana ta salati. Na ce ina son in tambayi asibitin da ake kai Baba. Khala ta nuna mini tarhon da haɓa, ta zauna a kan kujerar da ke gefensa tana jan carbi. Aka daɗe kafin a kira Rifkatu daga ɗakin marasa lafiya.

"Ƙanwata? Lafiya kuwa?"

Na ce, "Sista, marar lafiyar nan naku ne ya fita tun safe, ba a gan shi ba."

"Wane marar lafiya? Baba?" Muryarta kamar dariyarta take, ba ta san ƙasa-ƙasa ba, ga tarhon zamanin da ba ya riƙe sirri. Na danna shi a kunne har ya yi mini zafi. "Ya ɗauki galan?"

"Ya ɗauka."

"Ya sa rigar sanyi?"

"A'a."

Na ji ta ja numfashi. Sannan ta ce, "Kada ki ajiye. Bari in roƙi Allah tukuna." Ban yi zaton a nan take za ta yi ba, amma sai na ji ta fara, da Hausarta ta gida wadda babu Larabci ko ɗaya a ciki: "Ya Uba na sama, kai ne mai iko da iska da ruwa. Ga Babanmu a waje. Tsoho ne, ba shi da riga, hankalinsa ba ya tare da shi, amma kai kana tare da shi. Ka tsare ƙafarsa daga ruwa, ka tsare ƙirjinsa daga sanyi. Ka sa wani mai tausayi ya gan shi. Ka ba ni shi da rai, ya Ubangiji, ban daɗe da samunsa ba. Ka ƙarfafa Umma, ka ƙarfafa ƙanwata. Na roƙa cikin sunan Yesu. Amin."

Ɗakin ya yi tsit. Ko yaran da ke kuka sun daina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, gumi yana karyo mini a cikin wannan sanyi. Sai ta ce, "Ƙanwata, ba sai kin ce amin ba, na san taku daban ce. Ki yi masa irin taku, ni na yi tawa. Na tafi Shumaisi." Ta ajiye.

A nan wata kunyar ta zo ta danne ta farko. Na tuna tun da na ga ƙofar nan a buɗe ban ce ko "Ya Allah" ba saboda Baba. Ni da aka haifa ina jin kiran sallar Harami daga kan gadona, ni da na sauke Alƙur'ani, abin da zuciyata take ta roƙo tun safe shi ne kada a sani.

Khala ta karɓi tarhon daga hannuna ta mayar a mazauninsa. Ta ce, "Shumaisi ya tafi?"

Na gyaɗa kai.

"Kun sani tun safe?"

Na sunkuyar da kai.

"La haula! Ke ɗiyar ga, maza na cikin kwari, sel na tafe, ku kuna zaune bisa magana? Aib, wallahi aib! Mi kuke ɓoyo? Rifkatu? Mu da munka san Rifkatu tun ranar da ta sauka Jidda! Ubanki da bakinshi ya gaya ma Malam maigidana, yana kuka don murna. Dabinon da yake kai mata duk azumi, wa kuke zato ke ba shi? Mun ga kun yi shiru, shi ya sa munka yi shiru, don kada mu ba ku kunya." Ta juya ga matan. "Ko akwai wadda ba ta sani ba nan?" Ba wadda ta ɗaga kai. Wata tsohuwa daga kusurwa ta ce, "Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Khala ta tura a kira mata ɗanta, a kuma ce wa maza su fito daga kwari, ta yafa bargo ta ce mini, "Tashi. Kuka sai mun dawo."

Ban san yadda wanet ɗin nan ta kai mu ba. Inda muka saba bi ya zama kogi, muka yi ta zagaye ta kan tudu, ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofa, motoci a kife a gefen hanya. Ɗan Khala bai ko dube ni ba, wannan ya fi mini zagi ciwo. Ina tsakaninsa da uwarsa na buɗe baki na fara addu'a da ƙarfi, duk wadda na sani, har wadda ba ta dace da wurin ba, Khala tana amsawa da amin. Sai bayan la'asar muka wuce wurin duba motoci. Rumfar mai shayi a rufe, iska ta yaye rabin kwanonta. A gefe ga motar asibiti a tsaye, injinta a kunne.

Ashe tun kafin ruwa ya sauko wani direban Jidda da ya saba ganinmu ya ɗauke shi, ya sauke shi a inda muke sauka. Rifkatu ta same shi a bayan rumfa, daidai inda muke shimfiɗa tabarma, a tsugune cikin taɓo, leɓɓansa sun yi baƙi, ya rungume galan a ƙirji. Da muka buɗe ƙofar motar na gan shi a jingine a jikinta kamar yaro. Ta cire masa jiƙaƙƙiyar jallabiya, ta naɗe shi da bargon asibiti, ta sa masa rigar sanyinta, wata koriya ta ulu mai maɓallai a gaba, irin ta mata. Ita kuwa daga ita sai farar rigar aiki da abayar da ta jiƙe, haƙoranta suna haɗuwa, tana murza masa tafin ƙafa.

Ta ce, "Na so in wuce da shi asibiti, ya ƙi. Ya ce ba inda za shi sai autarsa ta zo, wai za ki neme shi ki rasa."

Baba ya ɗago ya dube ni, ya gane ni sarai. Ya ce, "Kin makara. Yayarki ta daɗe tana jira."

Na durƙusa a cikin taɓon na kama ƙafarsa ɗaya, ita tana riƙe da ɗaya, na yi kukan da Khala ta ce in ajiye. Khala ta rungume Rifkatu kamar ta shekara da saninta, tana sa mata albarka. Ɗanta kuma ya rusuna ya ce, "Sannu, Yaya. Allah ya saka da alheri." Wato har shi ya riga ni.

Ta saurari ƙirjin Baba ta ce jikinsa ya ɗumama, a kai shi gida tunda can yake so, in an ji yana tari a kawo mata shi ko da wane lokaci ne. Da za mu ɗauke shi na sa hannu zan ɓalle maɓallan rigar in mayar mata, don ita ma tana rawar ɗari. Ta riƙe hannuna, ta yi wannan dariyar tata. "Bar masa. Riga ba ta da addini, ba wanda zai tare ta a hanya." Ta tsaya a bakin titi da galan a hannu, muka juya, ina kallonta ta madubi har ruwa ya rufe ta.

Baba bai yarda ya rabu da rigar nan ba. Ya sa ta har sanyi ya wuce, ya sa ta a cikin zafin da ke narkar da kwalta, ya sa ta a ƙarƙashin jallabiya zuwa Harami. Dattawan masallaci suna tsokanarsa, "Malam, rigar Hajiya ka aro?" shi kuma ya ce, "Ta 'yata ce," da muryar da duk lungu zai ji. Aurena bai fasu ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tayar mini da zancen ƙaryar da na yi a zauren nan ba, sai dai duk ranar da aka yi ruwa yakan dube ni ya ce, "Yau Alhamis ce?" in jefe shi da abin da ke hannuna.

Baba ya ga wani hunturun bayan wannan, sannan ya cika a ɗakinsa, ana kiran sallar azahar. Aka yi masa salla a Harami, aka binne shi a garin da ya shayar. Rifkatu ba ta ga gawarsa ba, ba ta ga kabarinsa ba. Muna zaman makoki Khala ta miƙe ta ce, "Akwai ɗiyar da ba a yi ma gaisuwa ba. Ku ɗauko tabarmi." Matan hara suka cika bayan wanet da tulunan gahawa da dabino, aka kai mata zaman makokin ubanta a bakin titi, bayan rumfar mai shayi. Umma ce ta fara sauka.

Yau babu rumfar, babu ɗakin, babu Khala, Rifkatu ma ta koma gida ta tsufa a can, ta riga ni tafiya. Ranar da na tsaya a Utaibiyya ina kallon iska, ana ce mini an hana tsayawa, ita na tuna a bakin titi da galan a hannu. Kuma na tuna abin da ta roƙe ni ranar makokin nan, wanda shi kaɗai ne abin da ta taɓa roƙona.

Na kai mata rigar a ninke. Ta karɓa ta kai hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Wannan ta fi ni sa'a, ta ga inda yake kwana. Ƙanwata, gaya mini yadda ɗakin yake."

Na matsa kusa da ita har gwiwarmu ta haɗu, a gaban matan hara duka. Na ce, "Yaya, matakala ce ta dutse za ki hau, ki riƙe bango don tana da santsi. Ƙofar katako ce, sai kin ɗan ɗaga ta take buɗewa. In kin shiga, ƙusar galan tana hannunki na dama. Gadon yana jikin bangon gabas, a ƙarƙashin 'yar taga, sandarsa ta ɗiban ruwa tana jingine a kusurwa."

Ta rufe ido, rigar a ƙirjinta, hawaye suna bin kumatunta. Ta ce, "A hankali, ƙanwata, kada ki yi sauri. Yanzu na shiga."